Magani Da Magana: Aikin Masu Jiyyar Damuwar Zuciya

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan wani irin magani ne wanda ba a sha, ba a shafawa, ba a kuwa yin allurarsa. Mutum biyu ne kurum su kan zauna cikin ɗaki, ɗaya yana magana ɗaya yana saurare, kamar minti 50, sa'an nan su yi sallama sai wani mako. Wanda ya leƙo ta taga sai ya ce hira su ke yi. Amma a Ingila da Amurka da ƙasashe da dama wannan sana'a ce sosai, wadda a kan yi shekaru ana koyonta, kuma masana sun fi shekara 70 suna auna ta don su ga ko tana da amfani ko babu.

Da farko ya kamata a rarrabe masu aikin, don mutane su kan haɗa su wuri ɗaya. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda sai da ya gama karatun likita sarai kafin ya ƙware a cututtukan hankali. Shi ke da ikon rubuta ƙwaya. Akwai kuma mai ba da shawara da mai jiyya da magana, waɗanda galibinsu ba likitoci ba ne, ba su kuwa ba da ƙwaya. Yawancin masu zuwa wurinsu ba mahaukata ba ne ko kaɗan. Mutane ne masu fita aiki, masu riƙe da iyali, waɗanda wani abu ya tokare musu a zuci. Wani barci ne ya ƙaurace masa, abinci ba ya masa daɗi, sana'ar da ya ke so ta fita daga ransa. Wata gabanta ne ke ta faɗuwa ba dalili, har ta daina fita. Wani ya tsira daga yaƙi ko haɗarin mota, amma kullum dare sai abin ya komo masa kamar yau ya faru. Akwai mai makokin da ya ƙi ƙarewa, da ma'aurata masu yawan husuma, da wanda giya ko caca ta kama, da baƙo a ƙasar nesa wanda kewar gida da kaɗaici suka sa shi gaba. Sau da yawa jiki ne ke fara kai ƙara, da ciwon kai da nauyin ƙirji, a yi ta gwaji a asibiti ba a ga kome ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ne ke fama da ciwon baƙin ciki mai naci.

Asalin wannan jiyya a Turai ya komo ga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Tsakanin 1880 da 1882 wani likita, Josef Breuer, ya yi jiyyar wata budurwa, Bertha Pappenheim, wadda ta kwanta ciwo sa'ad da ta ke jiyyar mahaifinta: gaɓoɓinta suka sandare, wani lokaci ma harshenta na Jamusanci ya kan ɓace mata. Ya lura in ta ba da labarin yadda wata alama ta fara, alamar ta kan lafa. Ita ce da bakinta ta sa wa abin suna maganin magana. Gaskiyar al'amari ba ta warke nan take ba, don ta sake kwanciya a gidajen jiyya bayan haka; amma abokin Breuer, watau Sigmund Freud, ya ɗauki dabarar ya gina mata makaranta guda. A ganinsa tushen damuwar babba yana cikin ƙuruciyarsa, cikin abubuwan da zuciya ta danne har mai ita bai san suna nan ba. Sai ya sa majiyyaci ya kishingiɗa a doguwar kujera, ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa, har mafarkansa, sau da yawa a mako, wani lokaci shekara da shekaru. Freud ya gudo Landan a 1938, ya rasu a 1939, kujerar kuwa tana nan a gidansa da aka mayar gidan tarihi. Da yawa daga cikin ra'ayoyinsa bincike bai tabbatar da su ba. Abin da ya tsira shi ne, mutum ya kan maimaita wa matarsa ko maigidansa irin zaman da ya saba yi da iyayensa, bai sani ba, kuma gane haka ya kan sassauta abin.

A Amurka wani masani, Carl Rogers, ya ga an cika yi wa majiyyaci fassarar zuciyarsa. Ra'ayinsa, wanda ya shimfiɗa cikin wani littafi a 1951, ya yi kusa da abin da Bahaushe ke nufi in ya ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Aikin mai jiyya shi ne ya saurara da gaske, ya ɗauki mutum da mutunci kome munin labarinsa, kada kuma ya yi masa fuska biyu. Daga nan yawancin masu ba da shawara na yau suka samo hanyarsu, shi ya sa sunan nasu ya kan ruɗi mutane: ba safai su kan ce "yi kaza, bar kaza" ba, sai dai su taimaki mutum ya kai ga shawarar da kansa.

Ana cikin haka, a 1952, wani masani a Landan, Hans Eysenck, ya jefa dutse cikin kasuwa. Ya tattara ƙididdigar da ke akwai ya ce kashi 2 cikin 3 na masu irin wannan damuwa su kan sami sauƙi cikin shekara 2, ko an yi musu jiyya ko ba a yi ba. To, ina amfanin jiyyar? Lissafinsa ya sha suka daga baya, amma tambayar ta yi amfani ƙwarai, don ita ta tilasta wa masu sana'ar su kawo hujja maimakon labari.

Waɗanda suka fara amsa ta su ne masu ganin cewa tsoro abu ne da a kan koya, saboda haka ana iya koyon barinsa. Joseph Wolpe, likita ne ɗan Afirka ta Kudu wanda ya yi jiyyar sojojin da Yaƙin Duniya na Biyu ya firgita, ya bayyana dabararsa a 1958. A ɗauki misalin matar da ta yi haɗari, ta daina shiga mota. Gudun motar ya kan ba ta sauƙi na ɗan lokaci, wannan sauƙin kuwa shi ke ciyar da tsoron. Sai a tsara mata matakai: yau ta tsaya kusa da mota, gobe ta zauna ciki ba a tayar ba, jibi a zaga da ita unguwa. A kowane mataki ta kan dakata har bugun zuciyarta ya sauka da kansa. Haka jiki ke gane cewa abin da ya ke jira bai zo ba. Har yanzu ba a sami abin da ya fi wannan tunkara sannu a hankali ba wajen maganin tsoro mai tsanani.

Sai kuma Aaron Beck na birnin Filadelfiya a Amurka, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100. Shi almajirin hanyar Freud ne, ya kuma tashi ne don ya tabbatar da maganar malaminsa cewa baƙin ciki fushi ne da mutum ya juyo da shi kansa. Ya bincika mafarkan majiyyata, bai sami fushin ba. Abin da ya samu shi ne hasara da kasawa. Da ya ƙara saurarensu sai ya ga wasu gajerun tunani na gilmawa a ransu kamar walƙiya, su kuwa su kan karɓe su ba bincike. Ga misali: wani ya gai da maƙwabcinsa a hanya, bai amsa ba. Nan take zuciya ta ce masa, "Ya raina ka, kowa ma ya raina ka." Ya koma gida ransa a ɓace, gobe ya ƙi fita, jibi ya ƙi zuwa suna. Mutane kuwa suka rage zuwa gare shi, tunanin ya sami shaidar da ya ke nema. Mai jiyya a hanyar Beck ba zai ce masa ya yi haƙuri ba, ba zai kuma ce masa ƙarya ya ke ba. Tambayarsa zai yi: "Malam, mene ne shaidarka? Ko akwai wani dalilin da zai hana mutum amsa gaisuwa? Da ƙanenka ne ya kawo maka wannan ƙara, me za ka ce masa?" Sa'an nan ya ba shi aikin gida, ya rubuta irin waɗannan tunani duk sa'ad da suka zo, ya kuma je ya sake gai da maƙwabcin ya ga abin da zai faru. Jiyyar gajeruwa ce, galibi zama 6 zuwa 20. A 1977 Beck da abokan aikinsa suka gwada ta kafaɗa da kafaɗa da ƙwayar maganin baƙin ciki a kan mutum 41, ba ta kuwa ji kunya ba. Daga baya aka gama ta da dabarar su Wolpe, ta zama hanyar da aka fi yi wa gwaji a duniya.

A shekarar nan ta 1977 ne kuma wasu masana biyu a Amurka, Mary Smith da Gene Glass, suka haɗa sakamakon bincike 375. Suka ga matsakaicin mutumin da aka yi wa jiyya ya fi kashi 75 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. An amsa wa Eysenck ke nan. Amma wani abin mamaki ya fito: tazarar da ke tsakanin hanyoyin nan masu gaba da juna ba ta da yawa. Har yau ana gardama a kan wannan, don ga wasu cututtuka, kamar tsoro mai tsanani da waswasin da ke sa mutum maimaita abu ɗaya, tunkara ta fi. Duk da haka bincike ya sha nuna cewa amana tsakanin mutum biyun, da yardarsu a kan abin da su ke nema, suna cikin manyan alamun ko jiyya za ta yi kyau. Wanda ya yi zama 3 ko 4 bai saki jiki da mai jiyyarsa ba, ba laifi ba ne ya nemi wani.

Magana tana da iyakarta. Wanda ke jin muryoyin da babu su, ko wanda hankalinsa ke tashi sama ya faɗo ƙasa har ya kwana da kwanaki ba barci, likita ya ke bukata da ƙwaya, magana ta biyo baya. Wanda kuma ya fara tunanin kashe kansa, asibiti za a kai shi a ranar, ba a jira mako ya zagayo ba. Mai jiyya ya kan riƙe asiri, ko mata ko miji ba ya faɗa wa, sai fa in akwai rai cikin haɗari.

Babbar matsala ita ce ƙarancin masu aikin, musamman a Afirka. A ƙasar Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya nemi mafita a 2006. Ya koya wa tsofaffin mata 14 na unguwar Mbare a birnin Harare wata sassauƙar dabara ta warware matsala ɗaya bayan ɗaya, aka kafa musu benci a harabar ɗakin shan magani. Ba su kiran ciwon da sunan Turawa. Da harshen Shona su ke kiransa, da kalmar da ke nufin yawan tunani, kamar dai yadda Bahaushe kan ce tunani ya yi wa wane yawa. A gwajin da aka buga a 2016, na mutum 573, bayan wata 6 kashi 14 cikin 100 ne kurum na waɗanda suka zauna bencin ke da alamun ciwon baƙin ciki, alhali kuwa cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kusan rabi ne.

Masu sauraro da ke zaune a Ingila su sani tun 2008 hukumar lafiya ta ƙasar ta buɗe wannan jiyya kyauta ga manya, kuma mutum na iya neman ta da kansa ba sai likitansa ya tura shi ba. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya roƙon tafinta. Wanda zai je wurin mai zaman kansa kuwa sai ya yi hattara, don dokar ƙasar ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba. Kafin a biya ko sule, a tambaye shi inda ya yi karatu, da ƙungiyar masu sana'ar da ta yi masa rajista, a kuma duba a ga ko sunansa yana cikin rajistar.