KWANA BIYU A IKKO: ABIN DA BAƘO ZAI GANI DA ABIN DA ZAI CI

Kowace safiya ta Allah manyan motoci da jiragen sama suna sauke mutanen Arewa a birnin Ikko, watau Legas. Wani ya kawo shanu, wani tumatir da albasa, wani ya zo fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, wani kuwa takarda ce ta kawo shi wani ofis. Galibinsu sukan sauka wurin ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba, su ci tuwo da miyar kuka kamar suna gida, in sun gama abin da ya kawo su sai su juya, suna ba da labarin cewa babu kome a Ikko sai cunkoso da hayaniya. Akwai wanda ya zo sau goma bai taɓa ɗora idonsa a kan teku ba.

Wannan kuwa hasara ce, domin mutumin Arewa yana da rabo mai yawa a cikin tarihin garin, har ma da abin da ake zubawa a kwano. Wanda ya iya ware kwana biyu, ya tsara su da kyau, zai koma gida da abin da ya fi ribar kasuwa daɗewa.

YADDA GARIN YAKE

Abu na farko da ya kamata baƙo ya gane shi ne ruwa ne ya raba Ikko kashi biyu. Akwai ɓangaren tudu, inda Ikeja da Agege da Surulere da Apapa suke, akwai kuma ɓangaren tsibiri, inda tsohon gari da Ikoyi da tsibirin Victoria suke, daga nan hanya ta miƙe gabas zuwa Lekki. Gadoji uku ne suka haɗa su: gadar Carter, da gadar Eko, da gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8 wadda aka gama a 1990. Da safe jama'a tana kwarara zuwa tsibiri, da yamma ta juyo, saboda haka wanda ya fito bayan sallar Asuba ya tsere wa cunkoso, wanda ya tsaya shan shayi har hantsi kuwa a kan gada zai ƙare rabin yininsa.

Kada baƙo ya sa rai da ɗan acaɓa a tsakiyar gari, domin tun watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jiha ta hana su aiki a Ikeja da Surulere da Apapa da tsibiri da wasu wurare. Akwai dai manyan motocin BRT masu bin layinsu na dabam, akwai kuma jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023 tsakanin Marina da Mil 2. Shiga wannan jirgi ma kallo ne, gama yana ƙetare ruwa a sama, yana kuma bi ta gaban babban gidan wasannin ƙasa na Iganmu, inda aka yi bikin FESTAC a 1977. Game da lokaci kuwa, ruwan sama ya fi ƙarfi a watannin Yuni da Yuli, don haka yawon kallo ya fi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

RANA TA FARKO: TSOHON GARI

Ya kamata a fara da gidan ajiye kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957 bisa ƙoƙarin wani Bature mai suna Kenneth Murray. A ciki akwai kayan tagulla na Bini da na Ife, da kawunan yumɓu na Nok waɗanda aka tono a kudancin Jihar Kaduna, masu shekaru fiye da 2,000. Amma abin da ya fi tsayar da mutumin Arewa shi ne baƙar marsandin nan da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ran Juma'a 13 ga watan Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan. Har yanzu ramukan harsashi suna jikinta. Kwana goma kafin wannan rana ne marigayin ya ba da sanarwar cewa za a mai da babban birnin ƙasa Abuja, ƙaurar da ba ta tabbata ba sai ran 12 ga watan Disamba, 1991.

Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, watau tsohon filin sukuwa na Turawa. A nan ne aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ran 1 ga watan Oktoba, 1960, Firayim Minista Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabin samun mulkin kai. Gaba kaɗan a titin Broad akwai tsohon kurkukun Turawa, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Cif Obafemi Awolowo. An mai da shi lambun shaƙatawa a 2010, aka bar katangarsa da alamun ɗakunan fursuna don masu zuwa su ga irin ƙuncin wurin.

In Azahar ta yi, baƙo ba zai rasa inda zai yi salla ba. Babban Masallacin Ikko mai hasumiya huɗu yana titin Nnamdi Azikiwe, an buɗe shi a 1988. Kusa da shi a titin Martins akwai Masallacin Shitta-Bey, ƙarami ne amma ya girme shi nesa ba kusa ba. Wani attajiri mai suna Muhammadu Shitta ne ya gina shi da kuɗinsa, magina da suka komo daga Barazil suka yi aikin, aka buɗe shi a 1894. Sarkin Musulmin Santambul na lokacin, Abdulhamid na Biyu, ya aiko da wakili wurin buɗewar, wani Baturen Ingila Musulmi mai suna Abdullahi Quilliam, ya kuma ba Shitta sarautar Bey. Wanda ya tsaya a cikin wannan masallaci zai san cewa Musulunci a Ikko daɗaɗɗe ne. Daga ƙofarsa kuma an shiga kasuwar Balogun, inda atamfa da leshi da shadda suke jibge har saman bene, sai dai mutum ya riƙe aljihunsa da kyau, kamar yadda zai yi a Kantin Kwari.

CIN RANA A BUKA

Ƙaramin gidan abinci a Ikko sunansa buka, kuma kunnen Bahaushe ba zai rasa jin bukka a ciki ba. Abin da za a fara yi wa baƙo tayi shi ne amala, tuwo ne baƙi-baƙi mai laushi da ake tuƙawa da garin busasshiyar doya. Ana zuba masa miya uku a haɗe: ewedu, wadda ba kome ba ce illa lalo, da gbegiri, watau miyar wake, da jar miyar tattasai da manja. Ƙamshin da ke tashi daga tukunyar na iru ne, ita ce daddawar kalwa da aka sani a kowane gida a Arewa. Wanda bai saba da amala ba yana iya neman sakwara da miyar agushi, ko teba da efo riro, miyar ganye mai kauri da ake yi da alayyafo da ganda da busasshen kifi. Akwai kuma shinkafar Ofada ta Jihar Ogun, wadda ake zubawa a ganye da miyar ɗanyen attaruhu.

Yana da kyau mai ci ya dubi kwanon nan da idon manomi. Tattasai da attaruhu da tumatir da albasa mafi yawansu ta kasuwar Mil 12 suka shigo daga gonakin Kano da Kaduna da Jigawa da Sakkwato. Waken daga Arewa ya zo, naman kuma na shanun da ake yankawa ne a mayankar Oko-Oba ta Agege. Mai abincin ma tatase take kiran tattasai, albasa kuwa alubosa. Bambancin kawai hannun mai girki ne, shi kuwa hannun Ikko yana da nauyi wajen yaji da manja, saboda haka mai gyambon ciki ya faɗa tun kafin a zuba.

Da dare sai a gangara Obalende, unguwar da ba ta barci. Ma'anar sunan da Yarbanci ita ce inda sarki ya koro mu, kuma sojojin Hausawa na zamanin Turawa suna cikin waɗanda suka fara zama a wurin. Tun a 1863 wani hafsan jiragen ruwa na Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Ikko ya kafa 'yar runduna da su, daga wannan runduna ce Sojan Nijeriya yake ƙirga asalinsa. A yau mahauta ne suke riƙe da sunan Hausawa a unguwar, tsire da balangu da kilishi kuwa duk suya mutanen gari suke ce musu, har manyan ma'aikata suna layi da motocinsu a gaban tukuba.

RANA TA BIYU: BAKIN TEKU

Dattawan da suka san Ikko a da za su ce a tafi Bar Beach, bakin tekun nan na gefen titin Ahmadu Bello inda aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, har da Ishola Oyenusi a 1971. To, wannan wuri babu shi yanzu. Dogayen shingayen duwatsu da Turawa suka gina a mashigar tashar jiragen ruwa wajen 1908 zuwa 1912 sun tare yashin da igiyar ruwa take kawowa daga yamma, sai teku ya yi ta cin gaɓa shekara da shekaru, har ya riƙa malalowa kan titi. Daga baya aka cike wurin da yashi, aka yi masa katangar duwatsu, ana gina sabuwar unguwa a kai mai suna Eko Atlantic.

Mai son ganin teku a yau hanya biyu gare shi. Ko dai ya nufi gaɓar Lekki, inda galibin wuraren an kewaye su ana biyan kuɗin shiga, ko kuwa ya hau kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Ta biyun ta fi kyau ga mai ɗan lokaci, domin a hanya zai wuce gab da manyan jiragen ruwa masu shiga Apapa, kuma shingen duwatsun nan ya sa ruwan wurin ya fi kwanciya. Doka ce kowane fasinja ya sa rigar kariya, kuma kada a yarda a shiga jirgin da aka cika fiye da kima ko wanda zai taso bayan duhu ya yi.

A nan akwai gargaɗi. Wanda ya iya iyo a kogin Haɗeja ko a madatsar Tiga kada ya ɗauka ya iya teku, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Akwai wata igiya da take komawa ciki da ƙarfi ta wani ɗan siririn wuri, tana iya janye ƙato yana tsaye ruwa iya ƙugunsa. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita yana neman gaɓa kai tsaye, sai ya yi iyo a gicciye, watau ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga cikinta. Abin da ya fi shi ne baƙo ya tsaya iya idon sawu, ya riƙe hannun yara.

Wanda ya zaɓi Lekki yana iya haɗawa da gandun dajin da aka keɓe a can tun 1990, mai faɗin hekta 78. Akwai birai da kadoji da tsuntsaye, da wata gadar igiya mai tsawon mita 401 da ake bi ta saman itatuwa.

KIFI DA SAURAN 'YA'YAN RUWA

Bai kamata a bar bakin teku ba a ci kifi ba, amma a san wanda za a ci. Kifin ƙanƙarar nan da ake kira titus daga tekunan ƙasashen waje ake shigo da shi, busasshen kifin nan mai tauri kamar itace kuwa daga Norway yake zuwa, kuma duka biyu ana samunsu a Kano. Abin da ba a samu a gida shi ne ɗanyen kifin teku da aka kamo da asuba aka gasa a kan gawayi, da jatan lande manya, da ƙaguwa da ake sakawa a miyar kuɓewa. Masunta 'yan ƙabilar Egun, waɗanda ake hango gidajensu a kan ruwa a Makoko daga gada ta uku, suna cikin masu kawo shi. A gefe sai a nemi boli, watau gasasshiyar agada da gyaɗa. Wanda ya fi son abin da ya sani kuwa ga farfesun tarwaɗa, shi zai nuna wadda yake so tana da rai a yanka masa. A yi ciniki tun kifin bai hau wuta ba.

Ta fuskar addini, malaman mazhabar Malikiyya sun halatta cin dabbobin teku, don haka babu damuwa game da jatan lande da ƙaguwa. Inda ake bukatar lura shi ne nama, domin wasu wuraren suna sayar da alade, sunansa da Yarbanci elede, wasu kuma giya ce babbar hajarsu. Matambayi ba ya ɓata, kuma da yake Musulmi suna da yawa ƙwarai a cikin Yarabawan Ikko, tambayar ba ta ba kowa mamaki.

Kwana biyu ba za su kai baƙo Badagry ba, inda bene na 1845 da hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa suke, ba za su kai shi kasuwar kifi ta Epe ba, kowannensu yini guda yake bukata. A bar su sai wata zuwa. Kafin ya kama hanya dai ya karya da burodin Agege da ewa agoyin, watau wake mai laushi da baƙar miyar barkono, a unguwar da fataken goro Hausawa suka zauna tun da daɗewa. Allah Ya kai kowa gida lafiya.