Gizo a Cikin Kwalba

 Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu Hausawan Sudan, jikokin alhazan da suka bi hanyar gabas a ƙafa suka yada zango a bakin Nilu, tun ba ma waɗanda ke neman na kansu a Suk al-Sha'abi ba, ta Khartum da ta Omdurman. Mun san irin ta'adin da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya yi wa kasuwannin nan. Allah Ya mayar da alheri, Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa.

To, yau kiwo za mu taɓa, amma ba na tumaki ba, ba na tantabaru ba. Kiwon gizo-gizo. E, haka na ce, gizo-gizo, kuma don Allah kada a kashe rediyo. Akwai wani babban jinsi mai gashi da Turawa ke kira tarantula, wanda a Turai da Amurka da gabashin Asiya ake sayen ɗansa da kuɗi, a sa a kwalba, a rene shi shekara da shekaru. Mu a wajenmu tautau abin bugewa da takalmi ne. Gizon da muke so yana cikin tatsuniya shi da Ƙoƙi, wanda muke girmamawa kuma shi ne na bakin kogon Sauru a labarin Hijira. Amma yanzu da waya ta shiga hannun kowa, samarinmu na ganin hotunan shuɗin gizo mai sheƙi, har wasu na tambaya ko zai rayu a ɗakinsu. Amsar ita ce zai iya, sai dai yanayin ƙasashenmu ba ya goyon bayan mai kiwon. Za mu zo kan wannan.

Bari in fara da abin da ya fi ɗaukar mini hankali da nake haɗa shirin nan.

A shekarar 1699, wata mata mai zane, haifaffiyar Jamus mazauniyar Amsterdam, sunanta Maria Sibylla Merian, ta sayar da zane-zanenta ta hau jirgin ruwa zuwa Suriname a Kudancin Amurka. Shekarunta 52 a lokacin, ba miji tare da ita, sai 'yarta Dorothea. Me ta je nema? Ƙwari. Ta je ta ga yadda tsutsa ke zama malam-buɗe-littafi, ta zana da hannunta. Ta yi kusan shekara biyu a can, bayi 'yan Afirka da 'yan asalin ƙasar ne ke sare mata hanya a daji suna kawo mata abin da za ta zana, har ciwo ya koro ta gida. A 1705 ta fitar da littafinta, kuma a cikinsa akwai wani zane da ya tayar da ƙura: reshen gwaiba, ga tururuwa na ta kai-komo, ga wani ƙaton gizo mai gashi ya danne ɗan ƙaramin tsuntsu mai shan ruwan fure, gidan tsuntsun na gefe da ƙwai a ciki.

Gizo ya ci tsuntsu? Da aka shiga ƙarni na 19, wasu malaman kimiyya na Ingila suka ce ƙarya ce, tatsuniya aka ba matar ta hau kai ta zauna. Tana kabari ba ta da bakin kare kanta. Sai ga wani Bature, Henry Walter Bates, wanda ya yi shekara 11 a dajin Amazon, daga 1848 zuwa 1859. A kusa da wani gari mai suna Cametá ya ga abin da idonsa: saƙa mai kauri a jikin itace, tsuntsaye biyu ƙanana sun maƙale, ɗaya ya mutu, ɗaya na ƙarƙashin gizon yana shure-shuren ƙarshe. Ya rubuta a littafinsa na 1863. Shekara ɗari da hamsin da 'yan kai kafin a wanke baiwar Allah nan.

Kuma ku ji wani abu. Shi Bates ɗin ya ba da labarin wata rana da ya tarar da yaran wani gida na 'yan asalin ƙasar sun ɗaure irin wannan gizo da zare a ƙugu, suna ja suna yawo da shi a tsakar gida yadda ake jan kare. Ashe dai kiwon nan yaran Amazon sun riga Turawa. Shi kuwa da ya sa hannu zai adana gawar irin wannan gizo, gashin ya shige masa fata, ya yi kwana uku yana susa.

To amma gaskiyar magana, tsuntsu ba shi ne abincinsu na kullum ba. Ƙwari suke ci.

(Kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan kiwon ɗan gizon tarantula, irin wanda ke zama a kan itace.

Kashi biyu ne masu kiwo ke raba su: na ƙasa masu shiga rami, da na sama masu rayuwa a kan itatuwa. A cikin na sama, biyu aka fi ba sabon shiga shawarar farawa da su. Akwai Avicularia, mai jan yatsu, na ƙasashen Guyana da Brazil da Trinidad. Akwai kuma Caribena versicolor na tsibirin Martinique da ke ƙarƙashin Faransa. Wannan na biyun shi ne na cikin hotunan. Yana ƙarami shuɗi ne shar, jikinsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Yana girma yana sauya launi, baya ya koma kore, ciki ya yi ja, har faɗin ƙafafunsa ya kai santimita 13 ko fiye. Mace takan haura shekara 10, namiji kuwa 2 zuwa 3 ya gama. Shi ya sa mace ta fi tsada, shi ya sa kuma mai ƙaramin ƙarfi ke sayen ɗa, wanda ba a san jinsinsa ba tukuna, yana fatan a dace.

Gidansa ba wani abin kuɗi ba ne. 'Yar kwalbar roba mai haske, irin wadda ake zuba alewa ko yaji, wadda ba za a rasa ba a Suk al-Sha'abi ko a Kasuwar Kurmi, tsayinta kamar santimita 10, ta fi tsayi a kan faɗi. Kada a ba shi babban gida, abincinsa zai ɓace masa. A zuba ɗan zaren ɓawon kwakwa a ƙasa, a jingina ɓawon itace a tsaye, a maƙala 'yan ganyen roba a sama inda zai kafa saƙarsa, a ajiye murfin kwalbar lemo da ruwa a ciki. Kuma tun da a can sama yake saƙa ɗakinsa, idan murfin na sama ne kullum aka buɗe an rushe masa gida. Shi ya sa wasu ke kifa kwalbar, murfi ya dawo ƙasa.

Sai huji. Ku riƙe wannan, don a nan yawancin sababbin shiga ke asara. Huji da yawa, a gefe da gefe, a sama da ƙasa, yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can. Kowane huji kuma ya gaza girman ƙirjin gizon, in ba haka ba da safe kwalba ce kawai za a tarar.

Me ya sa iska? Mutum yakan karanta cewa dabbar nan ta dajin ruwan sama ce, sai ya yi ta feshin ruwa safe da yamma, ya toshe hujin wai kada laima ta gudu. Bayan 'yan makonni ya wayi gari ya ga ɗan gizo a ƙasa ya mutu, ba ciwo ba alama. An daɗe ana ɗora laifin a kan dabbar, ana cewa raguwa ce. Daga baya masu kiwo suka gane cewa a can saman itace, duk yawan ruwan da ake yi, iska ba ta tsayawa. Huhun gizo a ƙarƙashin cikinsa yake, guda huɗu, shafi-shafi, kuma iskar da ta jiƙe ta tsaya cik ita ce ajalinsa. Don haka ruwa a murfi, ɗigo ɗaya ko biyu a kan saƙa sau biyu a mako, ƙasa ta ɗan yi sanyi-sanyi a gefe guda, shi ke nan. Ruwa kaɗan, iska da yawa.

Yanzu ga inda mu abin ya fi shafarmu. Wannan halitta tana son zafi tsakanin digiri 24 zuwa 28. Khartum a watan Mayu da Yuni takan haura 40, ruwan samanta na shekara bai kai milimita 200 ba, ga habub mai turnuƙe gari da ƙura. Kano da Sakkwato da Maraɗi a bazara ba su da nisa da haka, hunturu kuma ya zo ya busar da komai. Hujin da ke ceton gizo a London shi ne zai busar da shi a Omdurman kafin la'asar. Wuta kuma ba abin dogaro ba ce, balle a ce za a jingina da na'urar sanyaya ɗaki. Dabarar da ta rage ita ce ta iyayenmu: ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, kusa da randa, wadda mutanen Sudan ke kira zir. Kusa da ita na ce, ba cikinta ba. A duba ruwan murfi kullum. Rana kuwa kada ta taɓa kwalbar ko da ta taga ce, 'yan mintoci sun isa su dafa shi.

Akwai kuma abokan gaba na cikin gida. Maganin sauro na kunnawa, na feshi, fiya-fiya, duk an yi su ne don kashe ƙwari, kuma ba su san wannan ɗan gida ne ba. Hajiyoyinmu na Sudan, ku yi mini afuwa, har da turaren wuta: hayaƙin bakhur ya yi nesa da shi. Sai tururuwa, wadda kan shiga ta hujin nan ta cinye ɗan gizo da ransa. A ɗora kwalbar a kan wani abu a tsakiyar faranti mai ruwa.

Abinci ba wuya. Ɗan ƙaramin gyare, ko ɗan kyankyaso na kiwo, ko tsutsa a yanka, sau ɗaya ko biyu a mako, kada girman abincin ya wuce cikin gizon. Kyankyason bayan gida a bar shi, ba a san abin da ya taka ba. Abin da bai ci ba a cire washegari.

Sai saɓa, wadda ita ce lokacin da zuciyar mai kiwo ke tsinkewa. Gizo ba shi da ƙashi a ciki, fatarsa ce ƙashinsa, don haka in zai girma sai ya tuɓe ta gaba ɗaya, har da fatar fiƙarsa. Ƙarami yakan yi haka duk wata ɗaya ko biyu. Da farko zai ƙi abinci, launinsa ya dushe, ya toshe bakin saƙarsa ya shige. Wata rana a leƙa a gan shi a rigingine, ƙafafu sama. Jama'a, bai mutu ba. Ina maimaitawa, bai mutu ba, kada a taɓa shi, kada a juya shi, kada a zubar. An zubar da gizo masu rai da yawa a wannan hali. Alamar mutuwa daban take: yana kife, ƙafafu sun naɗe sun shige ƙarƙashin jiki, domin da ƙarfin ruwan jikinsa yake miƙe ƙafa, idan ƙishirwa ta ci shi sai su lanƙwashe. Bayan saɓa jikinsa laushi ne, fiƙa fara ce, sai ta yi ja, sannan ta koma baƙa. A jira kamar mako guda kafin a ba shi abinci, don a wannan lokaci gyaren da aka kawo masa zai iya cinye shi. Abin mamaki kuma, ƙafar da ta gutsure takan tsiro a saɓa ta gaba, siririya, ta cike a hankali.

Ɗauka a hannu fa? A'a. Ba ya sanin mai shi, ba ya kewar kowa. Yana da tsalle, in ya faɗo cikinsa ya fashe, magana ta ƙare. In ya tsorata ma yakan juya baya ya harbo kashi.

Wani zai ce, to me zai kai ni Martinique, mu ba mu da namu? Muna da su. A dazuzzukan Togo da Ghana akwai Heteroscodra maculata, fari-fari mai ɗigon baƙi, a saman itatuwan kwakwar manja na Afirka ta Yamma kuma akwai Stromatopelma calceatum, kuma dukkansu suna hannun masu kiwo a Turai. Amma masu kiwon da kansu sun haɗu a kan cewa waɗannan ba na sabon shiga ba ne. Ba su da gashin ƙaiƙayi, da cizo suke kare kansu, gudunsu ya fi ƙiftawar ido, dafin kuma kan sa zugi da ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki. Ba a tabbatar da cewa tarantula ya taɓa kashe mutum ba, amma gida mai yara ba wurinsu ba ne. Dafin na Togo ma har ɗakin bincike ya shiga: Farfesa David Julius na Jami'ar California a San Francisco, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021, shi da abokan aikinsa sun yi amfani da shi a 2016 wajen gano wata hanyar da jijiya ke isar da saƙon raɗaɗi.

Ina ganin mai kula da na'ura na ɗaga mini hannu. A taƙaice, a nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida, ba wanda aka kamo a daji ba. Misali, tarantula dangin Poecilotheria na Indiya da Sri Lanka sun shiga yarjejeniyar CITES tun 2019, tsallaka iyaka da su ba takarda laifi ne. Na so in ba ku labarin shuɗin cikinsu, wanda aka fara samu a gidan wani injiniyan jirgin ƙasa a garin Gooty na Indiya, aka rubuta shi a 1899, sannan aka yi shekara ɗari da 'yan kai ba a sake ganinsa ba sai a 2001, amma agogo ya ƙi.

A nan za mu dasa aya.