Ku Ƙidaya Numfashin Yaronku

Mutum yana iya wuni bai ci tuwo ba, yana iya kwana bai sha ruwa ba, amma numfashi ba a ajiye shi ko na ƴan mintoci. Littafin Farawa ya gaya mana cewa da numfashi Allah ya rayar da mutum na fari. Wannan kyauta tana aiki dare da rana, muna barci muna farke. Ya kamata mu san hanyar da take bi, domin wanda ya san hanyar zai gane in ta toshe.

Iska tana shiga ta hanci. Gashin hanci da majina suna tare ƙura, kamar yadda rariya take tare tsaki. A nan kuma iskar take ɗumama. Daga hanci sai ta gangara maƙogwaro. A cikin ƙirji maƙogwaro ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya huhun hagu. Kowane reshe ya yi ta rabuwa kamar rassan gawo, har ya ƙare da ƴan mitsi-mitsin jakunkuna, miliyoyi da yawa, waɗanda ido ba ya gani.

In an yanka rago, ku dubi huhunsa. Yana da taushi kamar soso, in aka hura maƙogwaron sai ya kumbura. Namu ma haka yake. Ƙananan jijiyoyin jini sun kewaye jakunkunan nan. A wurin jini yake karɓar iskar oksijin ya kai wa dukan jiki, ya kuma sauke gurɓatacciyar iska a fitar da ita waje.

Huhu ba ya motsa kansa. Akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki. In ya sauka, haƙarƙari suka buɗe, sai iska ta shiga. In ya koma sama sai ta fita. Aikin zugazugin maƙeri ke nan. Babban mutum yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya in yana hutawa.

To, me ke faruwa in ciwon haƙarƙari ya kama yaro? Ƙwayoyin cuta suna shiga jakunkunan, sai su cika da ruwa da mugunya. Iska ta rasa wurin zama. Jiki yana neman oksijin bai samu yadda ya saba ba, don haka yaron yake numfashi da sauri. Wannan saurin shi ne alamar da uwa za ta fara gani, tun kafin ciwon ya yi nisa.

Ga yadda za ku yi. Ku bari yaron ya natsu, ba yana kuka ba. Ku ɗaga rigarsa, ku dubi agogo ko na waya, ku ƙidaya tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cif. Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

sau 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba,
sau 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1,
sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5.

In haka ne, ku kai shi gidan likita a ranar. Idan kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan iska, ko ya ƙi mama, ko yana amai da duk abin da aka ba shi, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, kada ku jira gari ya waye, kada ku jira ranar kasuwa. Ku tashi nan take.

Waɗansu iyaye sukan fara kai yaro wurin wanzami a cire masa belu, ko a yi masa tsaga a ƙirji. Ciwon yana can cikin huhu, aska ba ta kai wurin. Yaron zai yi asarar jini, a kuma ɓata lokaci. Maganin da likita ya rubuta a ba shi har ya ƙare, ko da ya fara wasa.

Tsare huhu ya fi jinyarsa sauƙi. Hayaƙin itace da na kara yana raunana huhu, don haka ku yi girki a sarari, kada uwa ta tsaya cikin hayaƙi da goyo a baya. Lokacin hunturu, in hazo ya sauko, ku rufe yara da kyau. Jariri ya sha nonon uwa kaɗai har wata 6. Ku kai shi rigakafi yana da sati 6, da 10, da 14, sa'an nan na ƙyanda a wata 9. Babba kuma, in tari ya wuce sati 2, ya zo a gwada majinarsa saboda tarin fuka. Yana warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabta wannan, ya nuna musu yadda ake ƙidayar. Allah ya raya mana ƴaƴanmu cikin lafiya. Amin.