Ku Tara Karin Maganar Kakanninku Tun Suna Raye

'Yan'uwana mata na Kibiya da Rano, da ku 'yan makaranta, akwai wata dukiya a tsakar gidajenmu wadda ba a sa ta cikin lefe, ba a kuwa raba ta ranar gado. Watau karin magana. Kullum tana fita daga bakin tsofaffi wajen surfe da tankaɗe, mu kuwa muna ji muna dariya, ba mu adana ta.

Ku duba ku gani. Babu wani sha'ani na duniya da tsohuwa ba ta da maganarsa. In an kawo mata zancen manemin jikarta, sai ta ce hali zanen dutse, a binciki asalinsa tukuna. In yarinya ta ɓata saƙar faifai ta fara kuka, sai ta ce da koyo akan iya. In amarya ta fara kai ƙarar mijinta maƙwabta, sai ta ja kunnenta, ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Har sha'anin mulki ma ba su bari ba. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano aka yi wa laƙabi da sarakunan baba saboda rini. A 2019 aka ɗaukaka ta masarauta mai daraja ta ɗaya da ƙananan hukumomi 10. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar, a Yuli kuma aka mai da ta mai daraja ta biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya. Maza suka yi ta gardama a bakin kasuwa, amma tsofaffi tuni sun gama zancen: sarki goma, zamani goma. Sun kuma ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

To, wa ya rubuta waɗannan? Wani Bature, Merrick, ya buga littafin karin maganar Hausa a 1905. Whitting ya fitar da nasa a 1940, Kirk-Greene kuma ya tara guda 500 a 1966. Sun yi ƙoƙari ainun. Amma maza ne, baƙi kuma, iyakarsu zaure, alhali kuwa zancen mata a cikin gida yake. Ke da kike kwana ɗaki ɗaya da kakarki, kin fi su hanya. Ranar da aka kai ta makwanci, abin da ba ki riƙe ba ya tafi ke nan.

Ga shawara. Ki ware littafin rubutu guda. Duk wanda kika ji, ki rubuta shi yadda aka faɗa, kada ki gyara. A ƙarƙashinsa ki sa wadda ta faɗa, da garinsu, da abin da ya jawo maganar, don karin magana ba tare da dalilinsa ba kamar miya ce ba gishiri. In ba ki gane ba, ki durƙusa ki ce, "Iya, mene ne ma'anarsa?" Ko guda ɗaya kika samu a mako, a shekara kin tara 52.

Sai dai gargaɗi, musamman ga matan aure. Tarawa daban, jifa daban. Da yawa daga ciki habaici ne na kishiyoyi, irin su "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu." Ki rubuta shi don kada ya ɓace, amma kada ki ɗauke shi makami, gama magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wanda ke kashe wuta shi za ki yawaita a bakinki, shi 'ya'yanki za su tashi da shi.

Allah ya ja kwanan tsofaffinmu, ya ba mu kunnen saurare, amin.