Dinarin Rumawa: tsufa kaɗai ba ya sa shi tsada

Ƴan uwa mazauna Libiya, Aljeriya da Italiya, yau muna magana kan ƴar tsabar azurfar nan mai hoton kan sarki da ake tallata wa mutane da sunan dukiyar Rumawa. Sunanta dinariyus. Daga gare ta Larabawa suka samo dinari, mu ma kalmar zinariya can asalinta yake, ko da yake ita azurfa ce.

An fara buga ta a Roma wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A zamanin Sarki Agustus nauyinta ya kusa giram 4, azurfa kusan zalla, kuma soja guda 225 yake karɓa a shekara. To amma yaƙi na cin kuɗi. A shekara ta 64 Sarki Nero ya rage mata nauyi ya sa tagulla a ciki. Zuwa mulkin Seftimiyus Seferus, haifaffen Leftis Magna da ke Libiya ta yau, azurfar ta koma wajen rabi.

Ga inda ake cutar mutane. An buga su da yawan gaske, manoman Turai na tono su cikin tukwane har yanzu, shi ya sa gama-gari ba ta wuce yuro ƴan gomomi. Mai tsada ita ce wadda ba ta da yawa, kamar wadda Burutus ya sa aka buga da hoton wuƙaƙe biyu bayan kashe Juliyus Kaisar. Wanda ya miƙo maka irinta a bakin kasuwa, kama gabanka.

Yaya masu tara su ke gane jabu? Da guduma aka buga ta gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, don haka biyu ba sa yin daidai sak. Ta zubi kuwa tana da layi a gefe da ƴan ramuka kamar kumfa. Su ɗora ta a sikeli, su duba rubutun, kuma ba sa goge ta da toka ko lemun tsami, don baƙin tsufan yana cikin darajarta.

Saura doka. A Italiya tun 1909 kayan tarihin da aka tono a ƙasa na gwamnati ne, Aljeriya da Libiya ma sun hana fita da su. Tsabar da ba ta da takardar asali, ƴan duwan na iya ƙwace ta, su kuma tsare mai ita.