Usur Kafin Kwamiti: Yadda Za A Kare Kawunan 'Yan Ƙwallon Ostireliya

A ƙasar Ostireliya akwai wata ƙwallo da ta sha bamban da tamaular da aka saba gani a duniya. Ƙwallon kanta mai siffar ƙwai ce, filin ma haka, kuma ya fi filin tamaula girma nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 18, ana bugawa da ƙafa, ana cafewa da hannu, ana gudu da ita. A birnin Melbourne aka rubuta dokokinta na farko a 1859, yau kuma hukumar AFL ce ke tafiyar da babbar gasarta mai ƙungiyoyi 18, wadda wasanta na ƙarshe kan tara mutum kusan dubu ɗari a filin MCG. Doka ta yarda ka cafke wanda ke riƙe da ƙwallo, muddin kamun ya tsaya tsakanin kafaɗa da gwiwa, kuma galibin 'yan wasa ba sa sa hular kariya ko wani sulke. Wannan kamu shi ne gishirin wasan, shi ne kuma abin da ya fi jawo cece-ku-ce a 'yan shekarun nan, domin kamun da ke tayar da 'yan kallo tsaye shi ne kan buga kan mutum da ƙasa.

Hukumar ta tsananta hukunci, musamman tun daga 2023, amma inda ta jibge nauyin hukuncin ne abin dubawa. A yanzu mafi tsananin horo yana zuwa ne bayan an tashi wasa, kuma yana bin abin da ya sami wanda aka kayar fiye da abin da mai kayarwar ya aikata. Kariya ta gaskiya tana wurare biyu: a bakin usur ɗin alƙalin wasa tun kafin a kai ƙasa, da kuma a hukuncin da ke auna yadda aka yi kamun, ko an ji rauni ko ba a ji ba.

Don a gane dalilin haka, sai an duba wata doka da ke tsakiyar wasan, wato dokar riƙe ƙwallo. Idan ɗan wasa ya sami sararin rabuwa da ƙwallo bai yi ba, aka cafke shi, kuma ya kasa buga ta da ƙafa ko naushinta da hannu yadda doka ta ce, to wanda ya kama shi ne ke samun bugun kyauta. Ke nan ladan kamu yana ga hana abokin hamayya motsa hannuwansa. Shi ya sa tun daga ƙuruciya ake koya wa 'yan wasa su danne hannayen mutum a jikinsa. To amma hannu shi ne abin da ɗan'adam ke tare ƙasa da shi idan zai faɗi. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san cewa ɗan kokawar da aka haɗe wa hannu biyu aka juya shi ba ya da abin dafawa, da kafaɗa ko da ka zai sauka. Idan aka ƙara da wurgi, wato mai kamu ya juya jikinsa ya yi majaujawa da mutum, ko ya bi shi da nauyinsa ya danna shi ƙasa, sai kai ya zama shi ne abu na farko da zai daki fili. Doka ɗaya tana cewa danne hannunsa ka sami lada, wata kuma tana cewa idan ka danne hannunsa kansa ya bugu za a dakatar da kai. Tsakanin waɗannan dokoki biyu aka bar ɗan wasa da alƙali.

Abin da ke faruwa a cikin kai ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma idan kai ya tsaya ba zato ko ya juya da ƙarfi, sai ta girgiza, zaruruwan jijiyoyinta su miƙe fiye da ƙima. Daga nan ne jiri, ruɗewa, ciwon kai da mantuwa ke biyowa, ko da mutum bai suma ba. Babban abin tsoro shi ne cutar CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan buguwar kai na tsawon shekaru, wadda har yanzu ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa, idan an duba ƙwaƙwalwar. A 2020 masu bincike a birnin Sydney suka tabbatar da ita a ƙwaƙwalwar Graham Farmer, ɗaya daga cikin manyan gwarazan wasan. Bayansa aka same ta ga Danny Frawley, sannan ga Shane Tuck wanda ya rasu a 2020 yana da shekara 38. A 2023 aka same ta ga Heather Anderson, wadda ta ci kofin mata da ƙungiyar Adelaide a 2017, kuma ita ce ƙwararriyar 'yar wasa mace ta farko a duniya da aka tabbatar tana da cutar. Ba kamu kaɗai ke kawo buguwar kai ba, akwai karo da bangaza da tsallen cafe ƙwallo. Sai dai kamu ya fi su zama abin da ɗan wasa ke da iko a kansa, domin shi ke riƙe da mutum, shi ke zaɓar yadda zai kai shi ƙasa.

Tsarin hukuncin kuwa hawa-hawa ne. A fili akwai alƙalai huɗu tun 2023, a da uku ne, kuma suna da ikon ba da bugun kyauta kan kamu mai haɗari. Bayan wasa wani jami'i na musamman yakan sake duba hotunan, ya auna abu uku: da gangan aka yi ko sakaci ne, a ina aka bugu, sannan yaya ƙarfin bugun yake, daga mai sauƙi zuwa mafi muni. Idan wanda aka kayar ya sami girgizar ƙwaƙwalwa, yawanci sai a sa bugun a matakin mafi muni, wanda horonsa ke farawa daga wasa uku. Haka aka yi wa James Sicily na Hawthorn a 2023 kan kamun da ya yi wa Hugh McCluggage. A Yulin 2024 aka yanke wa Charlie Cameron na Brisbane da Toby Bedford na GWS wasa uku-uku kan kamun da ya bar Liam Duggan da Tim Taranto da girgizar ƙwaƙwalwa, kwamitin ladabtarwa ya tabbatar, sai kwamitin ɗaukaka ƙara ya soke duka biyun a mako guda, bisa hujjar cewa an yi kuskure wajen aiki da doka. Bayan wannan, da wuya a sami ɗan wasa ko mai horarwa da zai iya faɗa da tabbaci wane kamu ne halal.

Illar wannan tsari ita ce ya mai da hukunci caca. Mutum biyu za su yi kamu iri ɗaya, su danne hannu biyu, su yi wurgi iri ɗaya. Na farko abokin hamayyarsa ya sauka da kafaɗa ya tashi ya karkaɗe jiki, sai a ci shi tara ko a dakatar da shi wasa ɗaya, wani lokaci ma a ƙyale shi. Na biyu kan mutum ya daki ƙasa, sai ya rasa wasa uku. Gaskiya ne ƙa'idojin sun ba jami'in dama ya ɗaga matakin laifi idan kamun zai iya jawo mummunan rauni, amma tazarar da ke tsakanin wanda ya yi sa'a da wanda bai yi ba tana nan. Darasin da ɗan wasa ke ɗauka shi ne ya ci gaba da abin da ya saba, ya yi fatan dacewa. Horo ba ya gyara hali sai mai laifi ya san takamaimai abin da zai daina. Ana iya daina wurgi, ana iya sakin hannu ɗaya, ana iya riƙe mutum a tsaye. Yadda kan wani zai sauka kuwa, wannan ba a hannun kowa yake ba.

Nan ne aikin alƙalin fili ya zama ginshiƙi. Muddin alƙali ya jinkirta busa usur yana jiran ya ga ko mai ƙwallo zai kuɓuta, mai kamu ba shi da zaɓi sai ya ƙara wani motsi don ya kammala aikinsa, kuma wannan motsi na biyu shi ne ke kai mutum ƙasa da ƙarfi. Hukumar da kanta ta amince da haka a tsakiyar kakar 2024, lokacin da ta umarci alƙalai su rage lokacin da suke ba mai ƙwallo kafin su yanke hukunci, bayan masu horarwa sun koka cewa 'yan wasansu suna riƙe mutum a tsaye don gudun dakatarwa amma ba sa samun ladan haka. Wannan gyara ya nuna hanya. Idan wanda ya riƙe mutum cikin kula ya sami bugunsa da wuri, wanda ya yi wurgi kuma aka ba da bugu a kansa nan take ko da ba wanda ya ji ciwo, to lissafin ɗan wasa zai sauya a cikin wasan, a lokacin da sauyin ke da amfani.

Masu adawa suna cewa ana neman a mai da wasan maza wasan yara, kuma abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido ba a yi masa hukunci da hoton da aka rage wa gudu. Akwai gaskiya a rabin maganar: wasu haɗurran ba mai iya kauce musu, kuma ba adalci ba ne a hukunta mutum kan su. Amma wannan hujja ce da ke goyon bayan auna aiki maimakon sakamako, domin ita ce za ta wanke wanda ya yi kamu mai tsabta aka sami tsautsayi. Batun ƙiftawar ido kuwa, abin da jiki ke yi cikin sauri shi ne abin da aka horar da shi a kai tsawon shekaru, kuma horo yana bin doka. Lokacin da Brayden Maynard na Collingwood ya yi tsalle don tare bugu ya faɗa kan Angus Brayshaw a Satumbar 2023, kwamiti ya wanke shi da cewa ba shi da lokacin yin wani abu dabam. Brayshaw ya bar wasa a Fabrairun 2024 bisa shawarar likitoci yana da shekara 28, hukumar kuma ta gyara dokar ta ɗora wa mai tsallen alhakin kula da wanda ke gabansa. Wasan bai mutu ba, filaye ba su daina cika ba.

Wasu kuma suna cewa ai ko a kotu wanda ya yi kisa bisa sakaci ya fi wanda ya kusa yi shan hukunci, don haka ba laifi sakamako ya yi tasiri. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a yi watsi da shi gaba ɗaya, yana iya ƙara wasa ɗaya a kan horon asali. Amma kwamitin wasa ba don ramuwa aka kafa shi ba, don hana abu sake faruwa ne. Masu cewa a sa hula kuwa su sani hular soso tana kare fatar kai daga tsagewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Masu cewa 'yan wasa sun san haɗarin kafin su shiga, su tuna cewa tsofaffin 'yan wasa, ƙarƙashin jagorancin Max Rooke na Geelong, sun kai hukumar ƙara a Kotun Ƙolin jihar Biktoriya a 2023, suna cewa ba a kare su yadda ya kamata ba. Su kuma tuna da dubban yara da ke wasan a unguwanni, inda babu kyamara, babu kwamiti, sai alƙali da usur ɗinsa.

Hukumar ta yi ƙoƙari wajen jinya: tun 2021 ɗan babbar gasa da ya sami girgizar ƙwaƙwalwa ba ya komawa fili sai bayan aƙalla kwana 12, a ƙananan gasanni kuma kwana 21 tun 2024. Amma rigakafi ya fi magani. Abin da ya rage mata shi ne ta fayyace motsin da aka haramta da sunansu, ta sa wa kowanne horo tsayayye ko an ji rauni ko ba a ji ba, ta kuma mara wa alƙalanta baya idan suka busa usur da wuri ko da 'yan kallo za su yi musu ihu. Hukuncin da ke jiran sai kai ya bugu kafin ya yi nauyi ya makara.