Koyon ɗaukar hoto: da mi za a fara?

Yara, a da wanda ke son hoto sai ya je wurin mai hoto, ya biya kuɗi, ya jira kwanaki kafin a wanke. Yau kuwa, a Gure, gidaje da yawa suna da salula mai ɗaukar hoto. Amma riƙe salula daban, iya ɗaukar hoto daban. Sau da yawa yaro yakan ɗauki kakarsa, fuskar ta fito baƙi ƙirin, ko kan ya yanke. Ran da tsohuwa ta rasu, babu hoton kirki da za a nuna wa jikoki.

Mutum yana iya koya wa kansa wannan aiki. Ku dubi Saidu Keita, mutumin Bamako, a ƙasar Mali. Sana'arsa ta farko kafinta ce. A shekarar 1935 kawunsa ya ba shi ƙaramar kamara. Ya yi ta gwaji, yana tambayar waɗanda suka riga shi. A 1948 ya buɗe shagonsa. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana. Ya rasu a 2001, bayan an nuna aikinsa a Faransa da Amurka.

To, hanyoyin koyo suna da yawa, kuɗi da lokaci kuwa kaɗan ne. Dole a san na gaba da na baya.

Malami na farko shi ne haske, kuma kyauta yake koyarwa. Kamara ba ta kama komi sai hasken da ya faɗa kan abu ya dawo mata. Shi ya sa in rana tana bayan wanda kake ɗauka, fuskarsa takan yi duhu. Juya shi, hasken ya zo masa daga gefe. Da tsakar rana inuwa takan cika idanu, sai a shiga ƙarƙashin rumfa. Da hantsi da la'asar sakaliya tudun rairayi yakan fito da kyau, domin inuwa tana da tsawo.

Na biyu shi ne hannunka. Goge gilashin kamara da tsumma mai laushi, musamman lokacin hazo. Riƙe salula da hannu biyu, ka danne gwiwar hannu a haƙarƙari don kada ta girgiza. In ƙanenka za ka ɗauka, durƙusa daidai tsawonsa. Kafin ka latsa, dubi kusurwa huɗu: ko akwai itace da ya tsiro a kan mutumin?

Na uku su ne mutane. Je wurin mai hoto na gari, ka gaishe shi, ka nuna masa hotunanka uku, ka ce: «Malam, ina kuskurena?» Ka roƙi iyayenka su buɗe maka tsofaffin hotunan biki da na suna. Duba ta ina haske ya shigo, ina mai ɗauka ya tsaya.

Na huɗu su ne littattafai da intanet. Suna da amfani, amma intanet yana cin kuɗi, yana cin lokaci. Kada ka shiga sai da tambaya ɗaya a hannunka. In ka sami amsa, rufe, ka fita ka gwada.

Sayen sabuwar kamara shi ne na ƙarshe. Wanda bai san haske ba, ko da mai tsada aka ba shi, hoton duhu zai ɗauka.

Abu ɗaya kuma: kada ka ɗauki kowa sai da izininsa. In ya ƙi, ka ba shi haƙuri, ka wuce.

Tambayoyi
1. Mi ya sa fuska take yin duhu in rana tana bayan mutum?
2. Shekara nawa Saidu Keita ya yi tsakanin samun kamara da buɗe shago?
3. Don mi aka sa intanet a matsayi na huɗu?

Aiki
Ku zaɓi itace ɗaya a filin makaranta. Ku ɗauke shi, ko ku zana shi da inuwarsa, da safe, da tsakar rana, da la'asar. Ku rubuta bambancin da kuka gani.